Taran da Ban Ja Ba

Ni na yi laifin, ba Alfa Rasaki ba. Na fara da wannan ne don kada wani cikinku ya karanta rabi ya ajiye, ya tafi da tsohon labarin da kuka tashi kuna ji a Fagge. Taran nan da aka ce ya manta, ban taɓa ba shi ba. A hannuna ta rage, ni na manta da ita, da aka tambaya kuma na ɗora masa. Manyanku sun san haka yanzu. Ƙanananku da jikokina ne nake jiye wa, don labari idan ya daɗe a unguwa sai ya yi saiwa, ko an sare shi ya sake toho.

Ni da Rasaki shago ɗaya muka zauna shekara ashirin da wani abu, keken ɗinkina a dama, nasa a hagu, teburin yanka a tsakiya. Mahaifinsa daga Ilori ya zo da fatauci, amma shi a Fagge aka yanke masa cibiya, kuma Hausar bakinsa ta fi tawa gishiri. Ni nake yanka da haɗi, shi yake aikin wuya. Ya fi ni hannu, ban taɓa faɗa masa ba. Abin da na fi shi ɗaya ne: na gama firamare, shi allo kawai ya yi. Saboda haka mutane suka sa mini Akawu. Wasiƙa ta zo, a kawo wa Akawu. Za a raba naman watanda, a kira Akawu. Sunan nan ya shiga kaina fiye da yadda ya kamata. Rasaki kaɗai yake taɓa shi.

"Akawu," yakan ce in na tsaya ina rubuta awo, "mutumin nan tun ɗazu na gama auna shi da ido. Kai kana nan kana jarrabawa."

"Idon da barkono ya gama cinyewa?"

"Shi ɗin. Yanka mu gani, in ya fi kamu huɗu da rabi in saya maka shayi."

Ba kasafai nake shan shayin nan ba.

Mu duka biyu almajiran Malam Sidi ne, mai zawiyar bayan layinmu. Akwai abin da ake yi a wurinsa idan wani ya shiga matsi, ciwo ya yi tsanani ko shari'a ta rikice. Sai a taru bayan la'asar a ja Ya Laɗifu, adadi babba, a zama ɗaya, kafin magariba. Sunan Laɗif idan aka lissafa haruffansa yadda malamai suke yi, ɗari da ashirin da tara ne. Adadi babba shi ne a ja ɗari da ashirin da taran nan har sau ɗari da ashirin da tara. Jimla dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya. Ba a ragewa, ba a ƙarawa. Malam yakan ce adadi kamar haƙoran makulli ne. Yadda ake ƙirgawa kuwa tun zamanin mahaifinsa: akwai wani koko da ƙwallayen dabino ɗari da ashirin da tara a ciki, sun yi baƙi sun yi santsi saboda hannu. A zube su a tsakiyar buzu. Kowa ya ɗauki ɗaya, ya ja ɗari da ashirin da tara a carbinsa, ya jefa a koko, ya ɗauki wani. Mai sauri ya ɗauki da yawa, tsoho ya ɗauki kaɗan. In buzu ya zama wayam, an gama.

A shekarar da nake ba ku labari, wani cikinmu ya dawo daga Umara da tsarabar carbin dannawa, irin wanda ake sa wa a yatsa lamba tana fitowa, jaka guda. Ina ganinsu na ce ƙwallon dabino ya tashi aiki. Na yi ta yi wa Malam bayani: tsofaffi suna rikicewa a ashirin da taran da ke bayan ɗari, wani ya koma baya, wani ya tsallake. In aka raba adadin daidai, kowa ya san nasa, ya danna har lambarsa ta fito, shi ke nan. Malam a lokacin idonsa ya fara rauni, jikinsa kuma ya gaji da gardama.

"Kai ka yi boko, Garba," ya ce. "In ka ga zai fita, to. Amma amana ce."

Rasaki kuwa sai da muka koma shago ya ce, "Kokon nan bai taɓa tambayar mutum nawa suka zo ba." Na ce masa ya ci gaba da surfaninsa, ya bar wa masu lissafi lissafi.

Ba a yi wata biyu ba ciwon Alhaji Ɗanlami ya tashi. Ɗan kasuwar Singa ne, mai sayar da kayan masarufi, shi ya yi wa zawiya rufi, kuma mutum ne da ba ya iya ganin wani cikin damuwa ya wuce. Aka kwantar da shi a asibiti. Ƙanensa Alhaji Habu, wanda suke shago ɗaya, ya zo ya roƙi Malam a ja masa adadi babba ranar Juma'a. Da azahar aka aiko mini cewa mutum goma sha biyu ne za su zauna. Na jawo wani ƙyallen shadda da ya rage a tebur, na ɗauki allin yanka, na yi rabo a kai. Ya ba ni dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin da shida kowane mutum. A ƙasa kuma tara ta rage. Na sake yi, taran tana nan. Na zagaye ta da alli. Na ce a raina ba sai na faɗa ba, kada a ce sabuwar dabarar Akawu tun ranar farko ta zo da ɓaraka. In na gama nawa sai in ƙara tara a ɓoye, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Aka zauna bayan la'asar. Na raba carbin, na faɗi adadin kowa da babbar murya, har na ƙara da cewa ya fita cif. Aka ja. Kowa ya kai lambarsa ya ɗaga yatsa. Muka gama da sauran rana sosai, abin da ba a saba ba. Malam ya yi addu'a, aka shafa. Nan mutane suka yo kaina. Wannan ya ce Akawu ka hutar da mu, wancan ya ce ina ma tun da aka san haka. Alhaji Habu ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ina cikin amsa godiya aka kira magariba, muka tashi. Ban ja taran ba. Ko a raina ba ta zo ba.

Washegari da safe na buɗe shago, na ɗaga almakashi, sai ga ƙyallen nan a ƙarƙashinsa, tara a zagaye tana kallona. Abin da ya kamata in yi a fili yake, ko yaro ya sani: in je wurin Malam in ce na yi kuskure, a sake zama yau. Mutum goma sha biyu ba za su ƙi ba Alhaji Ɗanlami yammaci ɗaya ba. Na tsaya da ƙyallen a hannu ina tuna hannun Alhaji Habu a kan nawa. Sai na kakkaɓe allin, na yanka ƙyallen na yi aljihun wando da shi. Na ja tara ni kaɗai a kan keke, alhali na san an ce a zama ɗaya.

Ranar Litinin rai ya yi halinsa.

Ina so ku fahimci abu ɗaya, don ni ma na daɗe kafin in raba shi da sauran. Tara ba ta kashe Alhaji Ɗanlami ba. Kwanansa ne ya ƙare, ko da mun ja dubu ɗari. Mantuwa kuma ba zunubi ba ce. Laifina yana gaba.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, an gama addu'a, mutane sun ragu, saura mu na zawiya da 'yan uwa. Alhaji Habu ya rame a kwana ukun nan. Ya ɗago kai ya ce:

"Akawu, wani abu yana ta yi mini yawo a kai. Mu goma sha biyu ne ranar nan, ko?"

Na ce haka ne.

"Kuma kowa adadinsa ɗaya da na ɗan'uwansa."

Na ce haka ne.

"To ni ban yi makaranta ba, amma shekara talatin ina ƙirga kaya dozin-dozin. Dozin ɗaya sha biyu, biyu ashirin da huɗu, uku talatin da shida. Ko dozin nawa ka tara, cika yake ba ka, ba ya ba da mara. Ban taɓa ganin lissafin dozin ya ƙare da ɗaya ba. Adadin Malam kuwa da ɗaya ya ƙare. Yaya aka yi ya fita cif?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba. Mutum ne da ya rasa ɗan'uwa yana neman inda zai ajiye zuciyarsa. Duk ido ya dawo kaina. Rasaki yana gefena, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Har yau in na rufe ido ina jin ɗumin kafaɗar nan.

Na ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Tara ta rage. Na ba Alfa Rasaki a gefe ya cika. Jiya yake ce mini ya sha'afa."

Ban shirya maganar ba, amma kada ku ɗauka wannan uzuri ne. Bakina ya zaɓi wanda ya san ba zai tona ni ba, kuma ya zaɓi wanda ya san za a yarda a kansa. Rasaki ya juyo ya dube ni. Ya dube ni kamar yadda yake duban yadi in yana neman inda ya yi tabo. Sannan ya mai da kansa ƙasa.

Malam Sidi ya ce, "Ajali ba ya jiran carbi. A bar maganar nan a nan."

Ba a bar ta a nan ba. Wani daga baya ya ce, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji, "Dama abin amana a ba wa baƙo." Mutumin da aka haifa a layin nan, wanda ya wanke gawar iyayen wasunsu, a yammaci ɗaya ya koma baƙo. Ya tashi ya sa takalminsa, ya yi wa Alhaji Habu gaisuwa yadda ake yi, ya tafi.

Wata uku muka ƙara a shago ɗaya. Yana zuwa, yana gaishe ni, yana aikinsa. Bai ƙara ce mini Akawu ba, sai Malam Garba. Na yi ta jiran ya tambaye ni don me, har na tanadi amsoshi. Bai tambaya ba. In za a zauna a zawiya sai a aiko a kira ni, a wuce shi. Iyalan mamacin suka daina kawo masa aikin wuya, abokansu na Singa suka bi. Rannan na zo da safe na tarar an ɗauke kekensa, sai sawun ƙafafunsa huɗu a siminti. Ya kama shago a Sabon Gari, ba da jimawa ba ya kwashe iyalinsa suka koma can. Daga Fagge zuwa inda ya koma, mai ƙafa ba zai yi rabin awa ba. Shekara goma sha ɗaya ban taka ba. In aiki ya kai ni wajen Bata, bakin Sabon Gari, sai in zagaya.

A gida mahaifiyarku Binta, Allah ya jiƙanta, sau ɗaya ta yi mini maganar. Ita da Iya Mulika matar Rasaki kamar 'yan uwa suke, tare suke zuwa awo, tare suke suyar salla. Tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Malam, mutumin da yake tuna awon wuyan wanda ya mutu shekara goma, shi ne zai manta tara?"

Na ce mata maganar maza ce. Ta ce to. Ba ta sake ba har ta koma ga Allah, kuma wannan "to" ɗin yana cikin abubuwan da ban samu na nemi gafararsu ba. A zawiya kuwa, ba wanda ya ce a koma wa koko, amma zama na gaba da aka yi sai na ga an zube ƙwallaye a buzu. Ni aka ci gaba da ba wa su in ƙirga kafin a fara. Da Malam ya rasu ɗansa ya gaje shi, ni ne dai Akawu.

Abin da ya karya ni daga bakin yayarku Rabi ya fito. Kun san ita ta ɗauko kan lissafi, har ta zama malamar lissafi a makarantar 'yan mata. Lokacin da ta zo wankan jegon ɗanta na biyu, wata ranar Asabar da hantsi na shigo na same ta a tsakar gida tana duba littattafan ɗalibai, jariri yana barci a gefe. Ban san abin da ya ja ni ba. Na zauna a kujerar tsugunne na ce ina da tambaya, in ta san adadin nan na zawiya.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, wa ya tashi a gidan nan bai san shi ba? Ai ina son lambar nan. Kawo in nuna maka."

Ta juya bayan wani littafi ta rubuta 16641. Ta ce da farko mara ce, wutiri, don haka duk wani adadi cika ba zai raba ta ba, ko biyu, ko goma, ko sha biyu. Ta ce in haɗa lambobinta. Na haɗa: ɗaya da shida da shida da huɗu da ɗaya, goma sha takwas. Ta ce tunda tara tana raba sha takwas, to tara tana raba ta, uku ma haka. Da mutum tara ne suka zauna, kowa zai ja dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in da tara, babu saura. Sannan ta ce akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, kamar uku, kamar bakwai, kamar arba'in da uku, su ne tubalin da ake gina sauran da su. Wannan babbar lambar, duk girmanta, tubali iri biyu ne kawai a cikinta: uku sau biyu, arba'in da uku sau biyu.

"Shi ya sa take da rowa," ta ce. "In ka cire ɗaya da ita kanta, abubuwa bakwai ne kacal suke raba ta. A cikinsu waɗanda za su iya zama yawan mutane a ɗaki, uku ne, ko tara, ko arba'in da uku. Daga nan sai ɗari da ashirin da tara. Ka ga hikimar masu koko. Sun raba ta ta inda take rabuwa, suka bar mutane su zo yadda suka samu."

Na ce, "To in an rage tara fa? A cikin dubu goma sha shida, tara me ce ce?"

"A wurin Allah ban sani ba, Baba, wannan sai malamai. A lissafi dai wata lamba ce daban. Wannan murabba'i ce. Kai tela ne: ɗauka yadi ne, tsawonsa ɗari da ashirin da tara, faɗinsa ɗari da ashirin da tara, kusurwa huɗu daidai. Cire tara a layin ƙarshe. In ka ninka shi, baki zai haɗu da baki?"

Na ce ba zai haɗu ba.

"To ka gani." Ta gyara wa jariri zani, ta ci gaba cikin nishaɗi. "Ai duk shekara in na zo darasin rabawa da saura, da ita nake farawa. Ina ba su labarin Baba Rasaki. Ba na faɗin suna, ina dai cewa wani tela Bayarabe a unguwarmu, aka ba shi amanar saura ya manta. Yara ba sa manta darasin. Har in na ga wata ta bar saura a jarrabawa sai in rubuta mata, kada ki zama tela. Allah dai ya yafe masa."

Na tambaye ta yara nawa ne a ajinta. Ta ce aji uku take ɗauka, kowanne ya haura hamsin. Na tambaye ta shekara nawa tana koyarwa. Ta ce bakwai. Ban yi lissafin ba, ban iya ba. Na zauna ina kallon 'yar da Rasaki ya yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife ta, don ina Legas sayen yadi, tana roƙa masa gafarar laifina, da zuciya ɗaya. Ƙaryar da na yi a kan tabarma don in tsira da suna na yammaci ɗaya, ga ta ta shiga aji, an ba ta alli.

Na ce, "Rabi, ba shi ba ne."

Ta dube ni. Na faɗa mata duka, har aljihun wandon. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai. Da ta yi magana, cewa ta yi:

"Ni zan gyara nawa ranar da na koma aji. Naka fa, Baba?"

Sai da na ƙara kwana tara ina ɗagawa. Ranar da na tafi, da hantsi na tafi, a ƙafa. Na yi tambaya sau biyu kafin in sami shagon, wani ɗan lungu tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da robobi. Yana zaune a bakin ƙofa saboda haske, da tabarau mai kauri, yana aikin wuya da hannu. Ya tsufa fiye da ni. Iya Mulika tana ciki tana jera zare a kwali. Na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba, sannan ya ɗago.

"Malam Garba. Ɓatan hanya ka yi?"

Na ce a'a, wurinsa na zo. Ya nuna mini benci da allura. Na zauna na fara kame-kame, ina tambayar iyali, ina tambayar kasuwa. Ya bar ni na gama. Sannan na faɗa. Na ce ban ba shi tara ba, ya sani, na sani, na zo ya yafe mini.

Ya ci gaba da ɗinki har ya kai ƙarshen layin, ya ciji zaren.

"Shekara goma sha ɗaya," ya ce. "Ashe lissafin naka da nawa yake. Na ɗauka da sauri kake yi."

Na ce me ya sa bai ƙaryata ni a ranar ba.

"A gaban gawa? In ce Akawu maƙaryaci ne, a ce Bayarabe ya zo da rigima gidan mutuwa? Kuma na ɗauka da safe za ka zo shago ka ce, Rasaki, na ji tsoro jiya, tashi mu je wurin Malam. Wata uku ina zuwa da wuri saboda haka. Kada ka ɗauka waliyyi ne ni. Na yi maka addu'o'in da ba zan maimaita ba."

Iya Mulika ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, kwalin zare a hannunta. Da can Baban Rabi take ce mini. Ranar ba ta kira ni da komai ba.

"Ranar da Binta ta rasu," ta ce, "na zo har bakin layinku na tsaya. Na kasa shiga, don kada a ce ga matar wanda ya ci amana. A titi na yi mata kuka, kamar mahaukaciya. A gaban mutane ka ɓata shi, shi ne za ka zo lungu ka wanke shi?"

Rasaki ya ce, "Bar shi, Iya." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Garba, yafiya tawa ce, zan iya ba ka ita yanzu, na ba ka. Na gaji da ɗaukarta ma. Amma sunana ba ya wurina. Yana Fagge inda ka bar shi."

Na ce ranar Juma'a bayan la'asar. Ya ce bai yi alkawarin zuwa ba.

Ranar Juma'a zawiya ta cika, don akwai zikiri. Alhaji Habu yana sahun gaba, gemunsa ya yi fari. Wanda ya yi maganar baƙo ma yana nan. Na riga na gaya wa ɗan Malam ina da magana, ya ɗauka sanarwar ɗaurin aure ce. Da aka sallame na miƙe. Ta taga na hango Rasaki a tsallaken layi, a kan bencin mai shayi, da sandarsa tsakanin ƙafafu. Bai shigo ba. Saboda haka ban tsaya a gaba inda ake sanarwa ba. Na taka har bakin ƙofa, inda takalma suke, na tsaya yadda na ciki za su ji, na waje ma zai ji.

Na ce, "Jama'a, ni ne Garba da kuke ce wa Akawu. Ranar da aka ja wa Alhaji Ɗanlami adadi, tara ta rage a hannuna, na ɓoye, na manta. Washegari na tuna, na yi shiru. Da Alhaji Habu ya tambaye ni, na ce na ba Alfa Rasaki. Ƙarya na yi. Ban ba shi ba, bai manta komai ba, bai ci amanar kowa ba. Alhaji Habu, ka yafe mini abin da na tauye wa ɗan'uwanka. Duk wanda ya taɓa faɗin maganar nan a gidansa, ina roƙonsa ya koma gidan yau ya faɗi wannan. Alfa Rasaki, ɗan Fagge, ga ni a inda na ɓata ka. Na zalunce ka, na zalunci iyalinka. Ka yi haƙuri."